Kafin a Ɗaga Labule: Jagora ga Sabon Ɗalibin Wasan Kwaikwayo a Jami'a

Ranar da sunanka ya fito a sashen wasan kwaikwayo, da wuya a ce kowa a gida ya yi maka barka da zuciya ɗaya. Ba za a rasa wani kawu ba da zai gyara zama ya ce, "Yanzu kai shekara huɗu za ka yi kana koyon dirama? Abin da yara ke yi a ƙofar gida da azumi?" Kada ka yi fushi da shi, ka ce masa "Allah ya ba mu sa'a, Kawu," ka wuce. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma daga wannan rabin za mu fara.

Mataki na farko: ka san guzurin da ka zo da shi

A lakcocin farko za a kai ka Girka ta dā, a bi da kai ta Ingila, a sauke ka a Ibadan inda aka buɗe makarantar koyon wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960. Duk ka rubuta, za su fito a jarrabawa. Amma kada hakan ya sa ka ɗauka hannu rabbana ka shigo.

Tuna yaron da ya liƙa gemun auduga, ya sa tsumma, ya ranƙwafa a kan sanda, abokansa na biye da shi suna amshi daga gida zuwa gida bayan azumi ya kwana goma. Ga sutura, ga kwalliya, ga ɗan wasa da ya ari halin wani, ga 'yan amshi, ga 'yan kallo da za su ba da hatsi ko kuɗi idan abin ya burge su. Babu abin da littafi zai lissafa maka da babu shi a tashe. Haka wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu, su faɗi abin da bafade ba zai iya faɗa ba. Haka kalankuwa bayan kaka, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da miya, da wasan kara na Damagaram.

Aikinka a makon farko: sayi littafin rubutu mai kauri, ka rubuta wasanni uku na gargajiya da ka taɓa gani da idonka. Wa ya fito? Me ya sa a jikinsa? A ina mutane suka tsaya? A wace gaɓa aka fashe da dariya, a wace aka yi tsit? Idan ka manta, kira Inna ko Kaka a waya ka tambaya, za ka sha mamakin abin da ke bakinsu. Wannan littafin zai bi ka har aji huɗu, kuma ba mamaki daga cikinsa batun kundin kammala karatunka zai fito.

Waɗanda suka kafa wannan karatu a Arewa ma sun gane haka. A Jami'ar Ahmadu Bello, inda Michael Etherton ya fara koyar da shi a tsakiyar shekarun 1970, dandalin da aka yi ginin ƙasa ne, Steven Ehrlich ya zana shi a kan fasalin gidan Bahaushe, da zaurukansa da tsakar gida a buɗe. Daga nan ɗalibai suka riƙa fita Samaru da Soba da Maska da Bomo, suna zama da jama'a, suna ƙulla wasa daga matsalolin da mutanen wurin suka faɗa da bakinsu. Za a koya maka wannan gaba, tare da sunan Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Brazil. Abin da za ka riƙe tun yanzu kaɗan ne: in an kai ku ƙauye, a fara da gaida dagaci, kuma kunne ya fi baki aiki.

Mataki na biyu: koyi karanta wasa

Wasan kwaikwayo a takarda kamar zanen gida ne kafin a sa tubali. Wanda ya karanta shi kamar littafin hira zai gama ya ce babu komai a ciki sai surutu.

Karanta kowane wasa sau uku. Na farko a zama ɗaya, waya a kashe, yadda ɗan kallo zai gan shi, domin mafi yawansu ba su wuce awa biyu. Na biyu da fensir a hannu. A kowace fitowa ka tambayi kanka: wa ke son wani abu a nan, a wurin wa, me ya tsaya masa a gaba, kuma da aka gama fitowar me ya sauya? Idan ka duba ka ga babu abin da ya sauya, ko dai ka yi gyangyaɗi ko marubucin ne ya yi. Na uku kuwa da ƙarfi, kai da abokai uku ko huɗu a gindin bishiya, kowa ya ɗauki mutum ɗaya. A nan ne za ka ji inda magana ke gudu da inda take ɗingishi.

Abin da ya fi ba sababbi wuya shi ne gane abin da ke ƙarƙashin magana, alhali Bahaushe gwaninsa ne. Ɗauki "Sannu da zuwa, Alhaji." Kalma huɗu. Amarya ta faɗa wa miji ya dawo daga Saudiyya da tsaraba. Uwargida ta faɗa masa ya shigo ƙarfe ɗaya na dare, tana zaune a bakin gado ba ta ko ɗago kai ba. Mai shago ya faɗa wa wanda ya ci bashinsa wata shida yana zillewa, yau Allah ya haɗa su a wurin ɗaurin aure. A takarda duk ɗaya ne. Aikin ɗan wasa shi ne ya gano wace "sannu" ce marubuci yake nufi, kuma hujjar tana cikin abin da ya faru kafin a kai ga layin. Gwada faɗar ukun yanzu, da ƙarfi. In abokin ɗakinka ya iya bambance su ba tare da ka yi masa bayani ba, ka kama hanya.

Za a ba ka abubuwa shida da Aristotil ya ce ana gina wasa da su: zubin labari, halayen mutanen ciki, tunani ko jigo, kalamai, kiɗa da waƙa, sai abin da ido ke gani. Haddace su ba wuya, minti biyar ne. Amfaninsu sai ka ɗora su a kan wasan da ka karanta ka ga wanne marubucin ya fi jingina da shi.

Ka ɗora wa kanka wasa ɗaya a kowane mako, ko an sa ku ko ba a sa ku ba. Ka cakuɗa: Sofokilis na Girka da Shakespeare, Wole Soyinka da Femi Osofisan da Zulu Sofola da Ahmed Yerima. Ola Rotimi ya ɗauko labarin Sarki Odifus na Sofokilis ya dasa shi a ƙasar Yarbawa. Ka karanta su biyun a jere, darasi ne da ya fi lakca uku. Sannan kada ka yi wa na gida kallon hadarin kaji. Je sashen harsunan Nijeriya ka nemi wasannin Shu'aibu Maƙarfi da na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ni a ganina abin kunya ne ɗalibi Bahaushe ya kammala digiri yana iya zuba sunayen marubutan Girka, amma bai taɓa buɗe wasa ɗaya da aka rubuta da harshen uwarsa ba.

Mataki na uku: murya da jiki, kullum

Minti ashirin a rana, bayan asuba ya fi, kafin ɗakin kwana ya cika da hayaniya.

Kwanta rigingine, ɗora littafi a kan cibiya. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka ga littafin ya ɗaga. In kafaɗunka ne ke ɗagawa littafin na nan zaune, to da ƙirji kake numfashi, kuma wannan numfashin ba zai kai muryarka layin baya ba. Saki iskar a hankali da sautin "sss", ka ƙirga. Makon farko wataƙila goma za ka kai. Bi a sannu har ka kai ashirin, har talatin. Daga nan ka tashi tsaye, ka rufe baki ka yi gunji "mmm" har ka ji leɓɓanka na kaɗawa, sannan ka buɗe zuwa "maa". Sai karya-harshe, waɗanda ka sani tun kana yaro: "turmi ture kura, kura ture turmi," da na ƙato da kwaɗo da suka tafi neman ƙoto. A hankali tukuna, kowane harafi ya fita da hakkinsa. Sauri zai zo da kansa.

Kai murya nesa daban, ihu daban. Mai ihu da maƙogwaro yake aiki, kwana uku muryarsa ta dishe. Dubi mai tallan da ke ratsa unguwa tun safe har la'asar, ana jin sa daga lungu na uku, gobe kuma ya dawo da muryarsa garau. Daga ciki yake turo ta. Ka sa aboki ya tsaya a ƙarshen fili, ka yi masa magana kamar kuna hira, ya ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace masa. Yawanci ƙarshen jimla ne ke mutuwa. Da hunturu ka yawaita shan ruwa, in murya ta dishe kuma ka huta da ita, kada ka matsa.

Da Turanci za a yi yawancin wasannin sashe, kuma na ga ɗalibai Hausawa masu baiwa sun koma layin baya sun yi shiru saboda an yi musu dariyar "p" da "f" sau ɗaya. Gyaransa aikin mako biyu ne. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: a "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle, a "f" haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Ka gyara don a fahimce ka. Amma kada ka ɓata shekara kana ƙoƙarin zama Bature, ba wanda ya zo kallon wannan.

Jiki kuwa makarantarsa tasha ce da kasuwa. Zauna wurin mai shayi rabin awa ka kalli yadda yake ɗaga kofi sama yana tsiyayawa ba ya ko duba hannunsa. Kalli ɗan dako bayan ya sauke buhu, yadda wuyansa ke ɗaukar lokaci kafin ya yarda an sauke. Kalli yadda mai kuɗi ke tafiya a hankali don ya san za a jira shi. Ka dawo ɗaki ka gwada. Sannan ka yi aikin da ka saba ba tare da kayan aikin ba: ja guga daga rijiya, tuƙa tuwo, ɗaura rawani. Kuskuren kowa ɗaya ne, gugan da babu shi ba ya da nauyi, kuma igiyar takan ɓace a tsakiyar ja.

Mataki na huɗu: san filin

Wannan gajere ne, amma rashin saninsa na sa a raina mutum. Dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne yayin da yake fuskantar 'yan kallo, ba na mai kallo ba. "Ƙasa" na nufin kusa da 'yan kallo, "sama" can ciki, domin a dā dandamalin Turai a karkace ake gina shi, bayansa ya fi gabansa tudu. In ka haɗa dama, tsakiya da hagu da sama, tsakiya da ƙasa, ka sami gida tara. Zana su a bangon littafinka.

Akwai dandamalin da 'yan kallo ke gefe ɗaya kamar masu kallon talabijin, akwai wanda ya kutso cikinsu suna gefe uku, akwai wanda suka kewaye shi kamar filin dambe. A na farko kada ka juya musu baya ba dalili, kada kuma ka tare abokin wasanka. A na kewaye dole wani ya ga ƙeyarka, don haka ba a daɗewa a tsaye wuri ɗaya. Duk motsin da darakta ya ba ka, ka rubuta a gefen layinka, da fensir, domin gobe zai canza ra'ayi.

Mataki na biyar: ladabin atisaye

In an ce ƙarfe huɗu, huɗu saura kwata kana wurin, ka canza kaya, ka ɗumama murya. A lakca in ka makara kanka ka cuta. A atisaye mutum goma sha biyar ne za su zauna suna jiran ka, kuma ba za su manta ba ranar da za a raba rawar wasa na gaba. Darakta ya fi son mai matsakaiciyar baiwa da ke zuwa kullum a kan gwanin da sai an bi shi ɗaki.

Wajen haddar layi, wanda ya yi makarantar allo ya fi kowa sa'a, kuma ya fi kowa shiga haɗari. Kan ya saba da hadda, amma ya saba haddacewa da kari ɗaya, in karin ya zauna ko darakta ya yi kuka ba zai fita ba. Ka haddace kalmomin a shimfiɗe, ba hawa ba sauka, ka bar kari ya fito a wurin atisaye daga abin da abokin wasanka ya jefo maka. Ka haddace har da ƙarshen maganar wanda ke gabanka, wato abin da za ka ji ana kira "kiyu", don ita ce ƙofar shigarka. Dabara mai sauƙi: ɗauki layukan sauran a wayarka da muryarka, ka bar gurbi a inda naka suke, ka riƙa cikewa kana wanki.

Kafin ka taka dandamali a matsayin wani, amsa tambayoyin da ake dangantawa da Stanislaviski na Rasha: wane ne ni, ina nake, daga ina na fito yanzun nan, me nake so, me zan yi in samu? Da kuma babbarsu: da ni ne a wannan hali, me zan yi? Kada ka ce "zan yi baƙin ciki a nan." Ba a wasa da baƙin ciki kai tsaye, fuska kawai za ka yamutsa. Ka ce "so nake in hana shi fita daga ɗakin nan," ka yi ta ƙoƙari da gaske, baƙin cikin zai biyo baya in ya fita.

In darakta ya yi maka gyara, ka ce "to," ka rubuta, ka gwada. Musu a bari sai an tashi. Kai kuma kada ka gyara wa ɗan'uwanka wasa, ko da kana ganin ka fi shi, wannan ba hurumin ɗan wasa ba ne.

Akwai maganar da ɗalibanmu ke jin nauyin yi, sai ta zama rigima daga baya. In akwai abin da ba za ka iya yi ba saboda addini ko tarbiyya, riƙe hannu ne, ko wata sutura, ko cire mayafi, faɗa wa darakta ranar da aka ba ka rawar, cikin ladabi, ku biyu. A ranar yana da hanya goma ta sauya tsari. In ka bari sai saura kwana uku a hau dandamali, ka zalunci kowa. Haka lokacin salla: ku nemi a sa hutun magariba a cikin jadawali tun farko, maimakon a riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya ana tsakiyar fitowa. Ke kuma ƙanwata, atisaye yakan kai dare. Ku riƙa komawa ɗaki a ƙungiya, kuma duk wanda ya ce ki zo ɗakinsa ko ofis bayan an tashi don "ƙarin atisaye" ke kaɗai, ko wane ne shi, amsar ita ce a'a, sannan ki sanar da malamar da kika yarda da ita ko shugaban sashe.

Mataki na shida: shiga bayan labule da gangan

Kowa na son a gan shi a gaba. Ni ma haka na shigo, sai aka ba ni kula da kayan wasa a wasanmu na farko, na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. Ban rubuta komai ba, na ce ai 'yan kaya ne, suna kaina. Daren wasa, fitowa ta uku, maigida ya zauna a tabarma ya miƙa hannu inda buta take zama, babu buta. Tana bayan ɗakin canza kaya, inda wani ya yi alwala da ita ya ajiye. Bawan Allah ya daure ya ɗaga murya ya ce, "Yaran gidan nan ba sa barin buta wuri ɗaya!" Mutane suka yi dariya suna zaton cikin wasan ne. Ni kuwa ina tsaye a duhu, gumi har cikin takalmi, kuma abin da manajan dandamali ta faɗa mini bayan an tashi ba zai rubutu ba.

Ga yadda ake yi. Bi rubutun wasan layi-layi ka fitar da duk abin da hannu zai taɓa. Sami tebur a kowane gefe, ka shimfiɗa takarda, ka zana siffar kowane abu ka rubuta sunansa da fitowar da ake bukatarsa. Kallo ɗaya zai nuna maka gurbin da ba kowa. Ka duba awa ɗaya kafin a fara, ka sake dubawa saura minti goma sha biyar. Kayan wasa ba a aron su, ba a zama a kansu, ba a alwala da su.

Kowane zango ka nemi wani fanni daban: fitila, sauti, ɗinki da kwalliya, kafinta da fenti. Ka zauna kusa da manajan dandamali ka ga littafinsa, inda aka rubuta kowane motsi da kowace fitila da lokacin kunna ta. Daga daren farko wasan a hannunsa yake, darakta ɗan kallo ne. Ka koyi naɗe waya, ka koyi tayar da janareta, ka tanadi tocila don ranar da za a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. Ba a hawa tsani sai wani na riƙe da shi, ba a taɓa fitila da ɗumi, kuma wuƙa ta gaske ko wuta ta gaske ba sa hawa dandamali komai kyan da za su yi. In an yi karo-karon kuɗin wasa, a rubuta kowace naira a takarda, kowa ya gani, don abota da yawa ta mutu a kan kuɗin fenti.

Wannan ɓangaren ne ma ya fi saurin ciyar da mutum bayan makaranta. Masana'antar fim ta Kano da gidajen rediyo da talabijin cike suke da masu son fitowa, wanda ya iya haske ko sauti ko tsara aiki shi ake nema da waya. In fim ɗin ne burinka, ka sani kyamara na kusa da fuskarka, abin da ka koya na kai wa layin baya sai ka rage shi sosai. Amma rage abin da kake da shi ya fi ƙirƙiro wanda babu sauƙi.

Mataki na bakwai: kada atisaye ya cinye maki

Tarkon ɗan aji ɗaya ke nan: ya kwana a dandali, ya kasa tashi lakcar ƙarfe takwas. Darussan gama-gari da na tarihi da nazari su ma makinsu na shiga lissafi, kuma jami'o'i da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakca ba ya zauna jarrabawa. Kwas ɗin da ka faɗi a aji ɗaya zai dawo ya yi karo da atisayenka na aji biyu. Duk daren da aka tashi, rubuta layi biyar a littafinka: me aka yi, me aka gyara maka, me ka gano. Malaman aikin-yi sukan nemi wannan littafi, kuma wanda aka cike a dare ɗaya ana gane shi daga launin biro. Duk wasan da 'yan aji uku da huɗu suka sa, je ka kalla, ka rubuta shafi ɗaya a kai, kada ka tsaya a "ya yi kyau," faɗi abin da ya sa.

Daren wasanku na farko gabanka zai faɗi, ƙafa za ta yi sanyi, bakinka ya bushe. Kowa haka yake ji, har waɗanda ke yi maka dariya. Ci abinci mara nauyi awa biyu kafin lokaci, yi numfashin nan na cibiya sau goma, ka riƙe layinka na farko kawai a ka. In ka manta magana a tsakiya, kada ka kalli 'yan kallo, kada ka ce "yi haƙuri". Kalli abokin wasanka, ka tuna abin da kake so a wurinsa, ka faɗe shi da kalmominka har ku hau hanya.

In an yi tafi an watse, kada ka bi 'yan ɗaukar hoto ka ɓace. Akwai katakai da za a kwance, ƙusoshi da za a tsince daga ƙasa kafin wani ya taka, riguna da za a ƙirga a kai wanki. Tabarma da turmi da tukunyar da kuka aro a cikin gari, a mayar wa masu su washegari da safe, a wanke, a haɗa da godiya da ɗan goro, domin zango mai zuwa ƙofarsu za ku sake ƙwanƙwasawa.